Inda Halliru Ya Tsaya

Malam Na'Allah yana da ƙa'ida guda a aikinsa. Ba ya aika labari ofishin buga littattafai sai Halliru tela ya karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Duk kalmar da Halliru ya tsaya a kanta, Malam zai ja mata layi da jan fensir, ya koma gida ya nemo wata.

Halliru sai da ya haura talatin kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma Malam ne ya koya masa baƙi da wasali. Har yanzu da yatsa yake bin layi. Malam yakan ce idon Halliru idon ɗan aji biyu ne, sai dai shi ba ya tsoron bulala, don haka ba ya cinka kalma don ya tsira. In bai gane ba, tsayawa yake.

A rumfar ɗinki ta kasuwar Kazaure suke zama, bayan la'asar, idan mutane sun ragu. Halliru ya sauke ƙafa daga keken ɗinki, ya goge hannu a riga, ya karɓi takarda.

"Malam, wannan doguwar fa? Ta fi zaren da ke kan keke."

"Annashuwa."

"To a ba ta hutu. Ni dai ban taɓa jin yaro ya ce yana annashuwa ba."

Malam ya ja layi. Ya sa "murna".

Da haka ya fitar da ƙananan littattafai uku na 'yan elementare, ɗaya a kan kaza da 'ya'yanta, ɗaya a kan wanke ido, ɗaya a kan tafiyar wani jaki zuwa Babura. Na huɗun shi ne babba, labarai goma sha biyu, ya sa masa suna Karatun Damina. Ofishin ya rubuto masa cewa idan littafin ya karɓu za a sa shi a dukan makarantun lardi, shi kuma a ɗauke shi marubuci na dindindin. Sharaɗinsu ɗaya ne, kamar kullum: kowane labari ya ƙare da darasi a layi guda, wanda malamin aji zai iya rubutawa a allo.

Labarai goma sha ɗaya sun kammala. Saura na ruwa. Malam ya rubuta uku ya yage, don duk ƙarya ce ke fitowa fili a cikinsu.

Wata rana ya tambayi Halliru, "Kai da ka tashi a ƙauye, ba ka taɓa ganin ruwa ya ci yaro ba?"

Halliru ya daɗe yana gyara bakin allura. Sannan ya ce ya gani. Ɗan yayarsa ne, Adda Saude, a wata ruga bayan duwatsun Roni, shekara bakwai da suka wuce. Maikasuwa ake ce masa, shi ne ɗan fari, yana da shekara goma. Akwai kududdufin da aka haƙa ƙasar gini, ya cika da ruwan Agusta. Da hantsi yaron ya fita, da azahar aka ga ƙwaryarsa tana yawo a kan ruwa. Halliru ne ya shiga ya ɗauko shi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya mayar da ƙafa kan keke.

Malam ya yi masa ta'aziyya, kuma da gaske ya yi. Amma tun kafin ya kai gida ƙwaryar nan tana yawo a kansa. Kwana biyu ya rubuta labarin. Ya san ba a sa sunan mamaci a littafin yara, sai ya cire Maikasuwa. Yaron ɗan fari ne, to wane suna ya fi dacewa da ɗan fari? Ya rubuta Lawal. Gajere ne, kowane aji akwai mai shi. Darasi kuma dole ne, don haka ya ƙara abin da Halliru bai faɗa ba: uwa ta hana yaron zuwa kududdufi, ya bari ta juya baya ya sulale. Sannan ya yi abin da ya fi iyawa, ya saka 'yar waƙa a tsakiya wadda yara za su amsa:

Lawal, Lawal, ina za ka?
Inna ta hana, ni dai za ni.
Lawal, Lawal, ina kake?
Ruwa ya ci, ruwa ya ci.

A ƙasa ya rubuta: Yaron da bai ji maganar uwa ba, ga ƙarshensa.

Ya kai wa Halliru. Halliru ya ɗora yatsa. "A wani ƙauye akwai wani yaro, sunansa..." Ya tsaya.

Malam ya ɗaga jan fensir, ya leƙo ya ga inda yatsan yake, ya yi dariya.

"Haba Halliru. Wannan ma? Harafi biyar? Jiya ka karanta 'makaranta' ba ka numfasa ba."

Yatsan Halliru bai gusa daga kan kalmar ba.

"Sake dubawa. La, wal."

"Na gani, Malam."

"To wuce mana."

Halliru ya kalli Malam, mutumin da ya riƙe masa hannu ya koya masa rubuta sunansa. Ya sunkuyar da kai ya wuce. Ya karanta har ƙarshe da murya ɗaya. Wannan ne karo na farko da ya tsaya a kan kalma Malam bai ja mata layi ba.

An buga littafin a 1954. Ya iso a lori cikin akwatin katako, aka rarraba wa makarantun En'e, wato hukumar gargajiya. Labarin Lawal yana shafi na goma sha huɗu, da zanen ƙwarya a kan ruwa. Kafin damina ta zagayo, Malam ya je Babura a kan kekensa, ya tarar da 'yan mata sun mayar da waƙar ta gaɗa, suna tafi suna faɗawa hannun juna a kan "ruwa ya ci". Ya tsaya a gindin wata tsamiya ya saurara har suka gama. Ranar bai ji nisan hanya ba.

Bayan wata biyu sai rumfar Halliru ta kwana huɗu a rufe. Rana ta biyar ya zo ƙofar gidan Malam da sassafe, bai shiga zaure ba.

"Allah gafarta Malam, Adda tana son ganinka."

"Wace Adda?"

"Uwar yaron."

Suka kama hanyar Roni, kowa da kekensa. Inda hawa ya yi tsauri suka sauka suna turawa, a nan Halliru ya yi magana, idonsa a kan taya.

"Maikasuwa ba sunansa ba ne, Malam. Ranar kasuwa aka haife shi, shi ya sa. Sunan da aka raɗa masa Muhammadu Lawal."

Malam ya tsaya. "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na tsaya."

"Tsayawa ka yi, ba ka yi magana ba!"

"Ai tsayawar ce maganarmu, ni da kai." Halliru ya share gumi. "Kuma na ce a raina, takarda ce. Yaushe takarda za ta hau dutsen nan ta shiga ruga?"

Sauran Malam ya san shi, kamar yadda kowa ya sani, sai dai bai taɓa haɗa shi da aikinsa ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. A gidajen Fulani irin nasu Saude abin ya fi tsanani: ba ta kiransa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Don kunyarta duk rugar ta bar sunan, aka riƙe laƙabi. Shekara goma yaron yana raye ba wanda ya ce Lawal a kunnenta. Ranar da aka binne shi ma ba ta yi kuka a fili ba, ta ci gaba da kaɗa nono. Yanzu yaran makarantar Roni sun kawo waƙa gida. Tsofaffin da suka ci naman suna suka ji, suka gane ko wane ne, suka faɗa. Tun daga nan in Saude ta ɗauko ƙwaryar nono ta nufi kasuwa, yara na binta a baya suna rerawa. Wata guda ke nan ba ta fita ba.

Sun same ta a inuwar bukka tana wanke ƙore. Doguwa ce, ba ta da jiki. Ta shimfiɗa wa Malam tabarma, ta kawo masa nono, ta koma nesa kaɗan ta zauna. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya.

Malam ya fara. "Baiwar Allah, ban san sunan ba. Wallahi don in ɓoye shi na canza."

"Halliru ya gaya mini."

"Zan sa a cire sunan."

"Ba sunan na kira ka a kai ba, Malam. Suna nasa ne, ubansa ya yanka masa rago." Ta kife ƙwarya, ta ɗauki wata. "An ce a takardarka na hana shi zuwa, ya ƙi ji."

"Haka na rubuta."

"Wa ya gaya maka?"

Malam ya kalli Halliru, ya dawo da idonsa. "Ba kowa. Ni na ƙara. Ana so yara su ɗauki darasi."

"To ni na aike shi."

Halliru ya ɗago kai. "Adda?"

"Yi shiru, kai ma ba ka sani ba. Ba wanda ya sani." Muryarta ba ta canza ba. "Maraƙi ne ba shi da lafiya, ba ya iya tashi. Na ce wa yaron ya ɗebo masa ruwa. Ya ce Inna, bakin kududdufin ya yi santsi, jiya na zame. Na ce raggo, kai ne babba a gidan nan kake tsoron ruwan da bai kai ƙugu ba? Ya ɗauki ƙwarya ya tafi. Bai ƙara ko kalma ba."

Wata kaza ta zo ta leƙa nonon Malam, ba wanda ya kore ta.

"Wancan yaron bai taɓa ƙin maganata ba. Ko sau ɗaya. Ban taɓa faɗa masa ba, ba a faɗa. Yanzu matan nan suna zuwa suna ce mini, ashe hana shi kika yi, to ki daina damuwa, shi ya jawo wa kansa. Har kakarsa ta ce dama ta lura yana da taurin kai." Ta ajiye ƙwaryar. "Ni a ce na kashe shi, zan ɗauka, gaskiya ce. Amma shi yana kwance, yara suna yi masa tafi a kan abin da bai yi ba. Kai ka iya rubutu. Ka rubuta cewa ya ji magana."

"Zan rubuta."

"A inda ka rubuta na farko."

Malam ya ce, "In Allah ya yarda."

Da ya koma Kazaure ya tarar da ambulan daga ofishin. A ciki akwai samfurin bugu na biyu, wanda za a rarraba wa lardi duka, da wasiƙar ɗaukarsa aiki. Abin da ake jira kawai ya duba samfurin ya sa hannu.

Ya ajiye su. Ya zauna ya sake labarin shafi na goma sha huɗu. Ya cire waƙar. Ya rubuta maraƙi, ya rubuta santsi, ya rubuta uwar da ta ce raggo. Sunan ya bar shi "yaron". Da ya zo layin ƙarshe ya rasa darasin da zai sa. Ya gwada "Iyaye su lura", ya ga ya mayar da bulalar kan Saude. Ya gwada "Kowa da ranarsa", ya ga ba abin da ɗan aji biyu zai yi da shi. A ƙarshe ya rubuta: Yaron ya ji magana.

Halliru ya karanta a rumfa. Bai tsaya ko sau ɗaya ba, amma da ya gama ya tashi ya zagaya bayan rumfa, ya daɗe.

Malam ya aika da shi. Amsar ofishin ta zo bayan sati uku, cikin ladabi. Sun ce sabon labarin yana da kyau, amma ba na aji ba ne. Malami ba zai tsaya gaban yara ya koya musu cewa wanda ya bi maganar uwarsa ya mutu ba. Sun ce tsohon labarin shi ne wanda makarantu suka fi yabawa, saboda shi ma aka zaɓi littafin. In yana so a canza Lawal zuwa wani suna, za a canza.

Malam ya kai wasiƙar rumfa ya karanta wa Halliru.

"To a canza sunan mana, Malam. A sa Audu. Audu ya yi yawa a duniya, ba wanda zai ji ciwo."

"Ƙwaryar fa? Kududdufin fa? Duk Roni sun san ko wane ne."

"Aikin fa? Shekara nawa kana jiransa?"

"Ba suna ta roƙa ba, Halliru."

Ya rubuta musu cewa gaskiyarsu ce, labarin ba na aji ba ne, amma tsohon ƙarya ne a kan mamaci, kuma ba zai sa hannu a kansa ba. Ko a sa sabon, ko a fitar da shafin gaba ɗaya. Suka amsa da cewa sun ajiye Karatun Damina, za su ɗauki littafin wani malami daga wani gari. Maganar aiki ba su sake tayar da ita ba.

Saura na bugun farko da ke hannun yara. Malam ya sayi reza, ya ɗaura buhu a bayan keke, ya fara bin makarantu. A Kazaure hedimasta abokinsa ne, ya bar shi ya zauna a ofis ya yanke shafin daga kowane littafi, yana kallonsa kamar mai kallon wanda ya zautu. A Roni ma an bar shi. A Babura hedimastan ya tare ƙofa.

"Kayan En'e ne, Malam. In mai duba makarantu ya zo ya ga shafi babu, kai zai kama ko ni?"

"Ni na rubuta shi."

"Ka rubuta, ka sallama. Wanda ya gina rijiya ba ya dawowa ya ce a ba shi ruwansa." Ya sassauta murya. "Kuma tun da aka fara karanta shi ba yaron da ya je bakin ruwa a garin nan. Bara yara biyu muka rasa. Ka san wannan?"

Malam bai sani ba. Ya mayar da rezar aljihu. Ya yi sallama ya hau keke.

Garin Gwiwa ya je ƙarshe, ranar kasuwa. Malamin da ya samu ya ce su littafin bai taɓa iso musu ba, an yi alkawari har yau shiru. Malam ya ji sauƙi, ya zauna a bakin kasuwa ya sayi fura. Yana cikin damawa sai ga wasu yara masu kiwon awaki, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar aji ba, suna kora dabbobi suna amsa wa juna. Sun ma ƙara baiti nasu, wanda ya fi nasa zafi, a kan Lawal mai kunnen ƙashi. Ya saurara har suka ɓace. Ya bar furar a wurin.

Bayan an yanke gero ya koma rugar, shi kaɗai. An fara kwance bukkoki, an ɗaure tukwane a kan shanu. Saude ta ce arewa za su yi, can tsallaken iyaka inda Faransa ke mulki, wajen dangin mijinta. Ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Sannan ya fito da takardar da ya rubuta da hannunsa, ya karanta mata a tsaye. Ta saurara tana kallon ƙasa.

"Wannan guda nawa ne?"

"Ita ke nan. Guda ɗaya."

"Wancan fa?"

"Na yanke wanda na iya. Waƙar ba ta yankuwa."

Ta gyaɗa kai, kamar dama ta san haka. Ta miƙo hannu ya ba ta takardar. Ta riƙe ta a juye, ya gyara mata.

"Nuna mini inda aka ce ya ji."

Ya nuna layin ƙarshe da bakin fensir. Ta ɗora yatsa a kai, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, yadda ƙaninta yake yi. Ta ninke takardar sau huɗu, ta sa a ƙasan ƙwarya, ta rufe da faifai.

"Ka gai da Halliru," ta ce. "Ka ce ya riƙa cin abinci."

Malam Na'Allah bai sake aika wa ofishin komai ba, su ma ba su nema ba. Ya sa ɗan tebur a gefen rumfar Halliru yana rubuta wa mutane wasiƙa, zuwa ga ɗa a Ikko, zuwa ga miji a barikin soja. Jan fensirin yana aljihunsa, ba abin da yake ja wa layi. Idan an tashi daga makaranta yara sukan biyo ta kasuwa, wani lokaci da waƙar a bakinsu. Sai Halliru ya danna keke da ƙarfi, ko da ba ƙyalle a ƙarƙashin allura, har su wuce.